Abubuwan da ya kamata ka sani game da kalmar Turanci ta "get"

Duk ɗan makarantar da ya taɓa kwafar jerin kalmomin Turanci da ma'anoninsu daga allo, a Bodinga ne ko a Shagari, ya san wannan layi: *get*, samu. Malamin bai yi ƙarya ba, sai dai gaskiyar da ya rubuta guntuwa ce. Yaro zai riƙe ta kam-kam har ranar da ya ci karo da *It is getting dark* a takardar jarrabawa, ya tsaya yana tauna bakin biro yana neman wanda ya samu duhu. Ba wanda ya samu komai. Gari ne kawai ya soma duhu.

Maganar ba ta wasa ba ce ga ɗalibi. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci, daga irin su WAEC ko NECO, kuma a jarrabawar JAMB takardar Turanci dole ce ga kowa, ko likitanci mutum yake nema ko Larabci. A bisa tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977, an tsara yaro ya fara karatu da harshen garinsu, daga baya sai komai ya koma Turanci. Ɗan Dingyaɗi ko Kajiji, wanda ba ya jin Turanci a gida ko a kasuwa, yakan shiga wannan harshe ne ta ƙofar hadda, kalma ɗaya da ma'ana ɗaya. Ita kuwa *get* ba ta yarda da wannan ciniki ba.

## Me ya sa kalma ɗaya ta tara ma'anoni haka?

Saboda yawan amfani. Da masu haɗa ƙamusun Oxford suka ƙididdige rumbun rubuce-rubucen da suke aiki da shi, sun tarar aikatau biyar da suka fi yawo a Turanci su ne *be*, *have*, *do*, *say*, sai *get*. Kalmar da take bakin kowa safe da yamma takan yi ta ɗaukar sabon kaya, har ma'anarta ta asali ta dushe. Ba ita ce ma ta fi yawan rassa ba. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, wanda ya fito a 1989, *set* ce ta riƙe kambu da ma'anoni 430. Da aka sake bitar *run* a 2011, an lissafa mata 645 a matsayinta na aikatau kaɗai.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin yana da *ci*. Mukan ci tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci zaɓe, mu ci bashi, mu ci kasuwa. Ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin tara, ana cin sarauta, mayaƙa sukan ci gari, wuta takan ci rumbu, kuma duk wanda bai tsaya ba ya ci gaba. Ba yaron da ya taɓa jin an ce wane ya ci zaɓe ya ɗauka an zuba ƙuri'u a akushi. Haka *sha*: ruwa, iska, wahala, kashi, duka, alwashi. A 2009 Philip Jaggar da Malami Buba sun yi nazari a kan waɗannan kalmomi biyu, suka nuna cewa *ci* ta fi karkata ga rinjaye da cin galaba, *sha* kuma ga abin da ya faɗo wa mutum ya jure. Wato ma'anonin ba a warwatse suke ba, akwai zaren da ya ɗaure su.

Ita ma *get* tana da nata zaren, kuma shi ne sauyin hali. Da ba ka da abu, yanzu kana da shi. Da ba ka gaji ba, yanzu ka gaji. Da kana Bodinga, yanzu kana Shagari. Kusan duk inda ka ga *get*, to akwai wani abu da ya tashi daga wani yanayi ya shiga wani. "Samu" reshe ɗaya ne kawai na wannan.

## Asalinta

*Get* baƙuwa ce a Turanci. Ta fito daga *geta* ta harshen mutanen arewacin Turai, mayaƙan ruwan nan da suka ci birnin York a 866, suka zauna a arewa da gabashin Ingila suka yi auratayya da 'yan ƙasa. Daga bakinsu Turanci ya ari *take* da *egg* da *sky*, har da *they*. An fara ganin *get* a rubuce wajen shekara ta 1200. Tsohon Turanci yana da 'yar'uwarta, amma a cikin haɗaɗɗun kalmomi take zaune, waɗanda suka zama *forget* da *beget* na yau.

## Dubi abin da ya biyo bayanta

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace amfani. Kada ka nemi ma'anar *get* a jikinta. Ka duba kalmar da ke binta.

Idan suna ne ya biyo baya, nan ne "samu" take da gida, amma ko a nan ba ita kaɗai ba ce. *I got your letter*, na sami wasiƙarka. *She got five credits*, ta sami kiredit biyar. To amma idan uwa ta ce wa ɗanta *Go and get water*, ba cewa ta yi ya je ya samu ruwa ba, cewa ta yi ya ɗebo. Wanda ya ce *I got this ram for eighty thousand* saye ya yi, da kuɗinsa. *Get the door* na nufin je ka buɗe ƙofa, an ƙwanƙwasa. *We got the first bus to Sokoto*, mun shiga motar farko ta Sakkwato. *The police got him*, 'yan sanda sun cafke shi. Idan kuma malami ya gama bayani ya ce *Do you get it?*, tambaya yake ko ka gane.

Akwai wuri guda da harsunan biyu suke kallon abu ta fuskoki mabambanta. Bature yakan ce *I got malaria*, shi ne aikau a jimlar, kamar shi ya je ya ɗauko ciwon. Bahaushe yakan ce zazzaɓi ya kama ni, ciwon ne ya zo. Shi ya sa za ka ji ɗalibi ya rubuta *malaria caught me*, wanda Hausa ce tsantsa sanye da tufafin Turanci. A asibiti za a gane abin da yake nufi. A takardar WAEC jan biro ne zai bi ta kai.

Idan sifa ce ta biyo baya, ma'anar ta koma "zama", kuma a nan ne hadda take kayar da mutane. Dalili kuwa shi ne Hausa ba ta cika buƙatar kalmomi biyu a irin wannan wuri ba, tana da aikatau guda da ya haɗiye duka. *Get tired*, gaji. *Get old*, tsufa. *Get well*, warke. *Get wet*, jiƙe. *Get angry*, fusata. *Get lost*, ɓata. *Get dry*, bushe. Ɗalibin da yake son ya ce albasa ta bushe ba shi da wata kalma a Hausarsa da za ta tuna masa da *get*, don haka sai ya tsallake ta. Wanda kuma yake karantawa ya ga *The onions got dry*, sai ya shiga neman abin da albasar ta samu.

A nan akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin *be* da *get*. Ta farko tana faɗin halin da ake ciki, ta biyu tana faɗin shiga halin. *He is married*, yana da aure. *He got married last year*, ya yi aure bara. *The food is cold*, abincin da sanyi. *The food is getting cold*, abincin yana hucewa, a zo a ci. Tunda an ambaci aure, a kula da harafin da ke bi. Mu mukan ce ta yi aure da wane, sai hannu ya zarce ya rubuta *married with*. Turanci *to* yake so: *She got married to a teacher*. Idan ka ce *married with*, Bature zai jira ya ji adadin 'ya'ya, domin *married with three children* na nufin mai aure da 'ya'ya uku.

Idan wuri ne ya biyo baya, ma'anar ita ce isa. Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega zai bi ta Bodinga, ya wuce Shagari, ya ratsa Tambuwal. *When we got to Shagari, we prayed*, da muka isa Shagari muka yi salla. Ana sa *to* kafin sunan gari, amma ba a sa ta kafin *home* da *here* da *there*. *I got home late* ake cewa. Abin da Turanci bai damu da shi ba a nan, Hausa ta damu: mu muna bambanta isa da iso, gwargwadon inda mai magana yake tsaye. Bature *got* ɗaya yake da ita ga duka biyun.

## Ƙananan kalmomin da ke juya ta

Nan ne ɗalibai suka fi kuka. *Get up*, *get out*, *get in*, *get on*, *get off*, *get over*, *get by*, *get along*, *get away*, *get through*, *get back*. Kowace da tata ma'ana, wasu ma da biyu ko uku. A ganina, abin da ya fi sauƙaƙa wannan babi shi ne a nuna wa yaro cewa harshensa ma yana yin wannan aiki, ta wata hanya dabam.

Ɗauki saiwar fita. Fita, fito, fitar, fice. Ko a Sakkwatance: hita, hito, hidda, hice. Saiwa ɗaya ce, wasalin ƙarshe da karin sauti suke juya ta: zuwa can, zuwa nan, sa wani abu ya fita, fita gaba ɗaya. Haka saya, sayo, sayar, saye, sayu. F. W. Parsons na makarantar SOAS da ke Landan ya tsara wannan a 1960 zuwa giredi bakwai, tsarin da har yau ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'inmu. Abin da Hausa take yi da wutsiyar aikatau, Turanci yakan yi shi da 'yar ƙaramar kalma a gefe. *Get out*, fita. *Get it out*, fitar da shi. *Get back*, koma ko komo. *Get it back*, karɓo abinka.

Wannan irin ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Bodinga. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi a Bodinga ya zauna. Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, gwani ne a nahawu da sarfu, shi ya wallafa *al-Bahr al-Muhit* a kan nahawun Larabci da *al-Hisn al-Rasin* a kan sarfu. Duk almajirin da ya zauna gaban malamin zaure ya koyi yadda *kharaja* take zama *akhraja* ta zama *istakhraja*, ya riga ya san cewa saiwa guda takan haifi fita da fitarwa da neman fitarwa. Abin takaici shi ne malamin Turanci da malamin Hausa da malamin Larabci suna koyar da abu mai kama da juna a makaranta ɗaya, amma ba kasafai ɗayansu yake nuna wa ɗalibi ƙofar ɗan'uwansa ba.

A fara da na zahiri, masu nuna motsin jiki. *Get up*, tashi daga barci ko daga zaune. *Get down*, sauko daga bisa ko sunkuya. Na abin hawa suna da 'yar ƙa'ida. Ƙaramar mota da tasi *get in* ko *get into* ake yi musu, a fita da *get out of*. Kabu-kabu da keke da jaki da raƙumi *get on* ake yi musu, a sauka da *get off*. Zuwa nan Hausa ta yi daidai da Turanci, domin mu ma shiga mota muke yi, mu hau babur. Tarkon yana wajen bas da jirgin sama da jirgin ƙasa. Mu mukan ce mun shiga, amma Bature *get on* yake cewa, ya sauka da *get off*. A tashar mota kuma za ka ji fasinja ya ce *I will drop here*. Wannan Turancin Nijeriya ne, kowane direba ya san shi, amma a daidaitaccen Turanci direba ne yake *drop* ɗin fasinja, shi fasinjan *get off* yake yi.

Sai na ma'anar ɓoye, waɗanda masu tsara jarrabawa suke ƙauna. *Get over* a zahiri tsallake katanga ne, amma *She has not got over her father's death* na nufin har yanzu ba ta dangana da rasuwar mahaifinta ba. *Get by* shi ne abin da magidanci yake nufi idan an tambaye shi gida a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, ya ce ana lallaɓawa. *Get along with* jituwa ce: *The two wives get along*, kishiyoyin suna shiri. *Get through* takan zama samun mutum a waya bayan an sha kira, ko ƙetare wani hali mai wuya. *Get on with your work*, ci gaba da aikinka. *Get back to* da *get back at* harafi ɗaya ya raba su, amma ta farko alkawarin waiwayo ce, irin wanda ake yi wa mai neman aiki a ofis, ta biyu kuwa ramuwar gayya ce. Haka *get away*, tsere, da *get away with*, wato mutum ya yi laifi ya sha, ba wanda ya ce masa uffan.

Ƙaramar ƙa'ida guda: a irin su *get back* da *get out*, idan karɓau wakilin suna ne, a tsakiya yake zama. *Get it back*, ba *get back it* ba.

## Sa wani ya yi, da abin da aka yi wa mutum

Bahaushe yakan ce na gyara wayata, alhali kowa ya san kai ta ya yi wurin mai gyara. Yakan ce na ɗinka riga, kuma bai taɓa zama kan keken ɗinki ba. Na gina gida, na yi aski, duk haka. Hausa ta bar wa mai sauraro ya gane. Turanci bai bari ba. Idan ka ce *I repaired my phone*, to da hannunka ka kwance ta. Idan wani ya yi maka, *I got my phone repaired* za ka ce, ko *I had my phone repaired*. Tsarin shi ne *get*, sai abin, sai sigar aikatau ta uku: *get my hair cut*, *get the form signed*, *get the farm weeded*.

Idan kuma za ka ambaci wanda ka sa, sai *to* ta shigo: *I got Musa to carry the bag*, na sa Musa ya ɗauki jakar. Akwai ƙamshin lallashi a ciki, kamar sai da aka yi magana kafin ya yarda. Da tilasta shi aka yi, *made* za a ce, kuma ita ba ta ɗaukar *to*: *I made Musa carry the bag*. Ɗalibai da yawa suna musanya su, su ba *make* abin da ke na *get*, domin a Hausa "sa" ɗaya ce ta ɗauki duka biyun.

Sai wani amfani da ya yi kusa da *sha* ɗinmu. *He got beaten*, ya sha duka. *They got arrested*, an kama su. *The goat got stolen*, an sace akuyar. Turanci yana da hanya biyu ta faɗin abin da aka yi wa mutum, da *was* ko da *got*. Ta biyun ta fi zama a bakin magana, kuma ta fi son abin da ya zo kwatsam, mai daɗi ko marar daɗi. Ɗauki tarihin Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, ya yi elementare a Yabo da midil a Sakkwato, ya koyar a aji kafin ya shiga siyasa. Littafin tarihi zai ce *He was elected in 1979* da *He was overthrown on 31 December 1983*. Masu hira a gindin bishiya, in da Turanci suke yi, za su ce *he got elected*, *he got overthrown*. Duka daidai ne, muhalli ne ya bambanta. Sai dai *got* ba ta shiga inda babu aukuwa. Ana cewa *He was respected in his town*, domin girmamawa hali ne mai ɗorewa, ba abin da ya faru rana ɗaya ba.

Wani ɗan reshe da ake yawan mantawa: *get to* da aikatau a gaba na nufin samun dama. *I got to see the Sultan*, na sami ganin Sarkin Musulmi. Ka ga a nan "samu" ta dawo, amma da dama take tafe.

## *Have got*, *gotten*, da Buroka

*I have got a bicycle* ba ta nufin na samu keke. Tana nufin ina da keke, daidai da *I have a bicycle*. Sigarta ta shuɗaɗɗen lokaci ce, ma'anarta ta yanzu ce, kuma mutanen Ingila sun fi Amurkawa yawan faɗinta. *I have got to go* kuma dole ce: tilas in tafi.

A Ingila jerin sigogin shi ne *get*, *got*, *got*. A Amurka *get*, *got*, *gotten*. Mutane da yawa suna ɗauka Amurkawa ne suka ƙirƙiro *gotten*, alhali ita ce tsohuwar siga. Da ita Turawan farko suka ƙetare teku, suka riƙe ta, 'yan gida suka yar, ban da 'yan wurare irin su *ill-gotten* da *forgotten*. Amurkawa ma sun mai da ita abin amfani: *I've got money* ina da kuɗi, *I've gotten money* na samo kuɗi. Makarantun Nijeriya Turancin Ingila suka gada, amma finafinai da waya sun cika kunnen matasa da na Amurka, har *gotten* ta zama ruwan dare. Ba kuskure ba ce. Shawarata ga mai rubuta insha'i ita ce ya zaɓi hanya ɗaya ya tsaya a kanta, kuma tunda littattafan ajinsa na tsarin Ingila ne, *got* ta fi masa kwanciyar hankali.

Buroka kuwa harka ce dabam. Ɗan kasuwar da yake kai albasa Kudu, da yaron da yake hira da masu hidimar ƙasa da aka turo makarantarsu, duk sukan tsinci *get* ta Buroka, wadda take nufin mallaka: *I get moto*, ina da mota, *I no get*, ba ni da shi, *e get one man*, akwai wani mutum. Buroka harshe ne mai ƙa'idarsa, miliyoyin mutane suna rayuwa da shi, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauko ƙa'idarsa aka kai ɗakin jarrabawa. A daidaitaccen Turanci *I get a car* ba ta nufin ina da mota. Tana nufin nakan sami mota, kuma mai sauraro zai jira ka ƙarasa, ya ji ko duk shekara ne.

## A ɗakin jarrabawa

Tsofaffin malaman Turanci, a Ingila da nan, sun daɗe suna ƙyamar *get*. Sukan ce kalmar malalata ce, wadda mutum yake fakewa da ita idan ya ƙi neman kalmar da ta dace. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A wasiƙar neman aiki, ko wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan rijiyar burtsatse da ta lalace, *I received* ta fi *I got*, *obtain a form* ta fi *get a form*, *arrived at* ta fi *got to*, *became worse* ta fi *got worse*. Mai duba takarda yana lura da ko ɗalibi ya san bambancin harshen ofis da na hira.

Amma kada a wuce gona da iri. A wasiƙa zuwa ga aboki, ko a labari inda mutane suke magana, *get* ce ta dace, kuma wanda ya rubuta wa ƙanensa *I obtained your message* ya zama abin dariya. Akwai ma wuraren da ba ta da magaji mai kyau. *Get married*, *get dressed*, *get ready*, *get lost*, *get up*, duk haka ake faɗinsu ko a gaban alƙali.

Inda sanin rassanta ya fi biya shi ne tambayar nan ta sashen fahimtar rubutu, wadda ake ciro kalma daga cikin labari a ce ka kawo wata da za ta maye gurbinta a yadda aka yi amfani da ita. Wanda ya haddace *get* da "samu" zai rubuta *receive* ko'ina ya gan ta. Wanda ya saba duba abin da ke binta zai ga sifa ya rubuta *become*, ya ga sunan gari ya rubuta *reach*, ya ga *over* da ciwo ya rubuta *recover from*. Kuma dole sigar ta dace: idan *got* ce a cikin labarin, *became* za a rubuta, ba *become* ba, domin ana rasa maki a kan wannan kaɗai.

Ga malamin da yake da aji cike da yara kuma ba ƙamus ko ɗaya a makarantar, akwai darasin da ba ya cin ko kwabo. A raba allo biyu. A hagu yara su kawo duk jimlar Hausa da suka sani mai ɗauke da *ci*, kuma za su cika wurin kafin alli ya ƙare. Sai a tambaye su yadda suka san cewa cin bashi ba cin tuwo ba ne. Za su ce ai daga kalmar da ta biyo baya. Daga nan a koma dama a rubuta *get a letter*, *get tired*, *get to Yabo*, *get off*, *get it repaired*, a ce kowa ya ja layi ƙarƙashin abin da ya biyo bayan *get*, ya faɗi ko suna ne, ko sifa, ko wuri, ko harafi, kafin ya yi yunƙurin fassarawa.